Sawakin

Sawakin (da Larabci: سواكن) tsohon gari ne mai tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya, cikin Jihar Bahar Maliya a arewa maso gabashin Sudan. Yana kudu da Port Sudan, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Tsohon garin yana kan wani ɗan ƙaramin tsibiri mai siffar da'ira a cikin wani lungun teku. Shekaru aru-aru shi ne babbar tashar Sudan, kuma nan ne zango na ƙarshe a Afirka ga ɗimbin maniyyata daga ƙasar Hausa da Borno kafin su haye zuwa Jidda.

Wuri da yanayi

Garin kashi biyu ne: tsibirin, da unguwar Gef wadda ke kan tudu, inda kasuwa take kuma yawancin jama'a ke zaune a yau. Wata gajeriyar hanya da aka cike ruwa aka gina a 1877, lokacin da Charles Gordon yake gwamnan Sudan, ita ta haɗa su. Mutanen yankin na asali 'yan ƙabilar Beja ne. Akwai tsananin zafi daga Yuni zuwa Satumba. Ɗan ruwan saman da ake samu yana sauka ne wajen Nuwamba da Disamba, wato daidai lokacin da hunturu ke kamawa a ƙasar Hausa.

Tarihi

Ibn Battuta ya yada zango a tsibirin a ƙarni na 14. Sawakin ta ƙara bunƙasa a ƙarni na 15 bayan durƙushewar tashar Aizab da ke arewa da ita. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta mallake ta bayan ta ci Masar a 1517, sannan a 1865 aka miƙa ta ga Masar. Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya ƙara mata ciniki.

A yaƙin Mahadi, Usman Digna ya jagoranci mayaƙan Beja suka yi wa garin ƙawanya, amma sojojin Ingila da na Masar suka riƙe shi. Kitchener ya yi gwamna a nan daga 1886 zuwa 1888, har yanzu akwai ƙofar gari mai sunansa.

Abin da ya kashe garin shi ne ƙuncin mashigarsa. Duwatsun murjani da ke cikin ruwa ba sa barin manyan jiragen zamani su shiga cikin sauƙi. Saboda haka Turawa suka gina Port Sudan, aka buɗe ta a 1909. 'Yan kasuwa suka ƙaura can, gidajensu suka zama kufai.

Maniyyata daga ƙasar Hausa

Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950, yawancin talakawa a ƙasa suke tafiya Makka, wasu a kan jaki ko raƙumi, daga baya kuma a manyan motoci. Hanyar takan bi ta Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, Abeche, El Jenaina, El Fasher da El Obeid, sannan a hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin maniyyaci yakan tsaya ya yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira har ya tara kuɗin jirgi.

Ko bayan da ciniki ya koma Port Sudan, gwamnatin mulkin mallaka ta bar jigilar alhazai a Sawakin. A nan ake killace su, a yi masu rigakafi, a duba takardunsu. Waɗanda ba su iya biyan kuɗin kan nemi ƙananan jiragen katako su haye a ɓoye, duk da haɗarin da ke ciki. Mutanen Sudan suna kiran waɗannan matafiya Takari ko Fallata. Da yawa ba su koma gida ba, zuriyarsu na cikin Hausawan da ke zaune a Port Sudan, Kassala da Gadarif.

Gine-gine

An gina gidajen tsibirin da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku, wasu hawa biyu, wasu uku, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira roshan, irin na tsohon garin Jidda. Irin wannan dutse yana buƙatar yaɓe da farar ƙasa a kai a kai. Da aka daina gyara, gishiri da raɓa suka cinye shi, yawancin gidajen suka rushe. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallacin Hanafi da na Shafi'i da tsohon ofishin kwastan. A Disamban 2017 shugaban Turkiyya Recep Tayyip Erdogan ya ziyarci tsibirin, Sudan ta amince ƙasarsa ta ci gaba da aikin. Garin yana cikin jerin wuraren da Sudan ta gabatar wa UNESCO tun 1994.

Ziyara

A 1991 aka buɗe tashar Usman Digna kusa da tsohon garin. Daga nan jiragen fasinja ke zuwa Jidda, tafiyar dare ɗaya, ɗauke da alhazai da masu Umara da 'yan ci-rani. Ana kuma fitar da tumaki da raƙuma zuwa Saudiyya ta wannan tasha.

Fasinjan da ke jiran jirgi zai iya zaga tsibirin a ƙafa cikin awa ɗaya ko biyu. An fi jin daɗin yawon da sassafe ko bayan la'asar. Shiga cikin kufan yana da haɗari saboda bango kan zube ba zato. A bakin ruwa ana sayar da soyayyen kifi da gahawa mai citta da ake kira jabana. Garin ya yi suna da yawan kyanwoyi, kuma akwai tatsuniyar da ke danganta su, da ma sunan garin, da aljanu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya rage masu zuwa yawon buɗe ido ƙwarai.