Likitancin jeji: Inda ɗalibin likita zai koyi ceton rai idan asibiti ya yi nisa

A ɗauka damina ta yi tsakiya a Manga, cikin Ƙaramar Hukumar Zuru ta Jihar Kebbi, wani manomi ya sunkuya yana cire ciyawa a gonar dawa, sai kububuwa ta sare shi a idon sawu. Kafin a samu babur, a ratsa laka, a kai shi Babban Asibitin Zuru, lokaci ya ja. Idan aka tarar babu maganin dafi a can, sai a kama hanyar Birnin Kebbi ko Kontagora ko Sakkwato, tafiyar sa'o'i. Abin da aka yi masa, da abin da aka guji yi masa, tsakanin gona da gadon asibiti, shi zai yanke ko zai koma gonar baɗi.

Wannan tazara tana da fanni nata a ilimin likitanci. A ƙasashen Turai da Amurka ana kiransa likitancin jeji, wato kula da mara lafiya a wurin da asibiti mai cikakkun kayan aiki ya yi nisa, galibi fiye da tafiyar sa'a guda, ga ƙarancin kaya, ga wahalar ɗaukar majinyaci. Kada mai karatu ya rikita shi da ciwon daji, kuma ba shi da alaƙa da sassaƙe-sassaƙen masu maganin gargajiya. Likitancin zamani ne tsantsa, an dai raba shi da wutar lantarki da ɗakin gwaji.

Yadda abin yake a waje

A shekarar 1983 wasu likitoci uku a Amurka, Paul Auerbach da Edward Geehr da Kenneth Kizer, suka kafa ƙungiyar Wilderness Medical Society, wadda ta zama uwar wannan fanni. Daga baya jami'o'i da dama suka mayar da shi darasin zaɓi: ɗalibin da ke shekarar ƙarshe, ko likita mai neman ƙwarewa a sashen agajin gaggawa, yakan ware mako biyu zuwa huɗu ya tafi duwatsu ko hamada tare da malamansa. A can zai koyi ɗaure karaya da sanda, da tsayar da jini, da haɗa abin ɗaukar majinyaci da igiya, da yanke shawarar wanda za a fara fitarwa idan masu rauni sun yi yawa. Jami'ar Stanford ma tana da horo na musamman a fannin ga likitocin da suka riga suka ƙware.

Akasarin waɗannan darussa kuɗi ake biya da dala, ga kuɗin jirgi, ga neman biza. Wani kaso mai yawa na abin da ake koyarwa kuma ya shafi ƙanƙara da ciwon hawan tsauni, abubuwan da likitan Zuru ba zai taɓa cin karo da su ba. Saboda haka ɗalibin Sakkwato ko Zariya da ya rasa wannan dama bai yi asarar da yake zato ba. Yanayin da ake ƙirƙira wa ɗaliban Amurka na mako huɗu shi ne yanayin aikin yau da kullum a yawancin karkarar Arewa.

Abin da ake da shi a gida

A Najeriya ɗalibin likita yana shekara shida a jami'a, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin kulawar hukumar MDCN, sai bautar ƙasa. Cikin shekarun jami'a akwai zaman karkara na dole a ƙarƙashin sashen lafiyar al'umma. Jami'ar Ibadan ce ta buɗe wannan hanya da shirin Ibarapa a garin Igbo-Ora a 1963. A Arewa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da cibiya a Yakawada cikin Ƙaramar Hukumar Giwa, na Aminu Kano yana da ta Kumbotso, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma yana da ta Kware.

Sai dai manufar wannan zama daban ce. Ɗalibai kan ƙidaya gidaje, su duba rijiyoyi da masai, su auna yara, su rubuta rahoto kan cututtukan da suka fi damun ƙauyen. Aiki ne mai amfani, amma bai cika mayar da hankali ga abin da likita zai yi da hannunsa ba idan aka kawo masa mai harbin bindiga da tsakar dare, ba jini a ajiye, ba likitan tiyata. Wannan darasi yawancin likitocinmu sukan koye shi ne a shekarar bautar ƙasa, lokacin da aka jefa su wani babban asibitin ƙaramar hukuma su kaɗai, ba malami a kansu. A ganina wannan ita ce hanya mafi tsada ta koyo, domin majinyaci ne ke biyan kuɗin makarantar.

Ga likitoci masu neman ƙwarewa, ƙofar da ta fi kusa da wannan fanni ita ce sashen likitancin iyali, wanda horonsa a ƙarƙashin kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da ta Afirka ta Yamma ya ƙunshi aiki a asibitocin karkara. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta daɗe tana aiki a Zamfara da Sakkwato, makaranta ce babba a wannan fage, amma ba ta ɗaukar ɗalibai, sai likitan da ya riga ya yi aiki.

Kaltungo da Zamko

Inda Najeriya ta zama malamar duniya a wannan fanni shi ne saran maciji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai na saran mutum kimanin miliyan 5.4 a shekara, tsakanin 81,000 da 138,000 kuma suna mutuwa. A 2017 ta mayar da matsalar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030.

A yankinmu kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, ita ta fi kisa. Dafinta yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, sai mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da tsofaffin miyaku, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa. Idan ba a ba da maganin dafi ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 kan rasu. A farkon shekarun 1970 wani likita ɗan Ingila, David Warrell, yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa suka yi nazarin waɗanda kububuwa ta sara a Arewa. Daga wannan aiki, wanda aka wallafa a 1977, aka samu gwajin da har yau ake amfani da shi a Afirka da Asiya: a zuba ɗan jinin majinyaci a kwalbar gilashi busasshiya mai tsabta, a ajiye ta minti 20 ba tare da an girgiza ba, sannan a karkata ta. Idan jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, a fara magani. Gwajin ba ya buƙatar wuta ko na'ura. Sharaɗinsa kawai kwalbar ta zama ta gilashi, domin ta roba tana ba da sakamakon ƙarya.

Asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe, da cibiyar lafiya ta Zamko kusa da Langtang, wadda ke ƙarƙashin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, su ne wuraren da suka fi karɓar irin waɗannan majinyata a ƙasar nan. A Kaltungo aka gwada magunguna biyu, EchiTAb-G da ake haɗawa a Birtaniya da EchiTAb-Plus da ake haɗawa a ƙasar Kosta Rika, kan majinyata 400, aka fitar da sakamakon a 2010. Da dafin macizan Najeriya aka haɗa su, abin da ke da muhimmanci ƙwarai, domin maganin da aka yi don macizan Indiya ba ya kashe dafin kububuwarmu yadda ya kamata, ko da yake ana samunsa a kasuwa. A Jami'ar Bayero kuma Farfesa Abdulrazaq Habib ya shafe shekaru yana jagorantar bincike a kan lamarin. Ɗalibin da jami'arsa ta ba shi makonnin zaɓi, ya nemi takardar gabatarwa daga shugaban tsangayarsa ya tafi ɗaya daga cikin waɗannan wurare a farkon damina ko lokacin girbi, zai ga abin da takwaransa na Amurka sai dai ya karanta a littafi.

Zai kuma koyi abin da ya fi wuya, wato shawo kan dangi. Ɗaure ƙafa da tsumma tamau, da tsaga wurin saran, da tsotsar dafi, da manna baƙin dutse, duk ba sa cire dafi, ɗaurin ma yakan jawo a yanke ƙafar. Abin da ake so shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe ko warwaro, a tallafe ƙafar da sanda kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ya taka ba. Amma ɗaurin nan da ke cutar da wanda maciji ya sara, shi ne ke ceton wanda harsashi ya tsinka masa jijiyar cinya. Sanin lokacin da za a ɗaure da lokacin da za a ƙi ɗaurewa, cikin duhu, mutane na kuka a kanka, yana daga cikin abin da fannin ya ƙunsa.

Me ƙasar Zuru ke buƙata?

Da za a tsara irin wannan horo domin masarautar Zuru, wato ƙananan hukumomin Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba, raunin bindiga zai zo kusa da saran maciji. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. A irin wannan hari, wanda ya ji rauni ba shi da kowa sai wanda ke kusa da shi. Akwai kuma zubar jini bayan haihuwa, wanda binciken E-MOTIVE na 2023, da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, ya nuna ana iya rage mai tsananinsa da kashi 60 cikin 100 idan aka auna jinin da wuri aka haɗa magunguna a lokaci guda. Ga bugun zafin rana a watannin bazara, wanda maganinsa na farko sanyaya jiki da ruwa ne tun kafin a nemi mota. A maƙwabciyar masarautar Yawuri kuma ga nutsewa a ruwa, kamar haɗarin jirgin ruwan Warra na watan Mayun 2021.

Doka ta riga ta share fage. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun lafiya a matakin farko domin irin wannan agaji. Dokar 2017 ta wajabta a yi wa mai raunin bindiga magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Abin da dokokin ba su iya samarwa ba shi ne hannun da zai yi aikin. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 55,000 ne ke da lasisi a ƙasar, kusan 16,000 kuma sun fice cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage ma sun fi taruwa a Legas da Abuja.

Babban cikas ga kai ɗalibai wannan yanki shi ne tsaro, kuma ba ƙaramin cikas ba ne. Bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, da 'yan matan sakandaren Maga a watan Nuwamban 2025, babu shugaban tsangayar da zai sa hannu a tura 'ya'yan mutane su kwana a ƙauye. Amma horon bai wajabta kwana a daji ba. Yanzu da Birnin Kebbi ke da asibitin koyarwa na tarayya, ana iya mayar da Babban Asibitin Zuru sansanin wata guda, likitoci masu neman ƙwarewa su zo tare da malaminsu, su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan lafiya na mazaɓu irin su Manga/Ushe da Senchi da Tadurga, waɗanda su ne ke fara ganin majinyaci. Kayan da ake buƙata kwalaben gilashi ne, da bandeji, da firji mai aiki da hasken rana, da maganin dafi na ainihi. Duk waɗannan abubuwa ne da ɗan majalisar jiha mai wakiltar Zuru zai iya nema a sa a kasafin kuɗin baɗi, mai zaɓe kuma zai iya buɗe kasafin ya duba ko an sa.