2.3 Sunayen Jega, Aliero da Maiyama a Matsayin Sunan Dangi

A wannan sashe za a dubi yadda sunayen garuruwan nan uku suka koma sunayen mutane, da kuma abin da sunan yake nufi idan aka gan shi a takarda.

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe ba shi da sunan dangi da ake gado. Ana kiran mutum da sunansa na yanka, a haɗa da na mahaifinsa, ko sana'arsa, ko sarautarsa, ko wata alkunya. Ana jingina mutum ga garinsu ne kawai idan ya yi baƙunta, wato a ce "mutumin Jega". A cikin Jega kuwa ba a bukatar haka, domin kowa ɗan Jega ne.

Shi kansa garin Jega ba tsoho ba ne ƙwarai. Bayan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya murƙushe tawayen Abdussalami a Kware, ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajejen shekarar 1820 tare da jama'arsu Gimbanawa. Daga baya kasuwar garin ta bunƙasa, fatake daga nesa suka zo suka zauna. Ke nan tun farko zuriyoyi daban-daban ne suka taru a ƙarƙashin suna guda. Haka abin yake a Aliero, wadda ta yi suna wajen noman albasa da ɗorin karaya, da kuma Maiyama.

Makarantar boko ce ta sauya al'amarin. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, yara daga larduna daban-daban suka haɗu a aji ɗaya, kuma Muhammadu da Abubakar sun yi yawa a rajista. Sai aka riƙa liƙa wa kowane yaro sunan garinsu. Sardaunan Sakkwato da sunan Ahmadu Rabah aka san shi a can, sai daga baya ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa Bello. Wasu kuwa sunan garin ya bi su har ƙarshen rayuwa, kamar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari. Aikin gwamnati da na soja suka ƙara tabbatar da wannan tsari.

A nan ya dace a waiwayi Ingila, inda tsarin rajistar ya samo asali. Su ma Ingilishi ba su da sunan gado kafin mutanen Normandi su ci ƙasar a 1066, kuma sai wajejen 1400 ne yawancin gidaje suka tsaya a kan suna ɗaya. Wasu sunayen daga sana'a suka fito, kamar Smith wato maƙeri. Wasu daga uba, kamar Johnson wato ɗan John. Wasu kuma daga gari, kamar York da Lincoln. Mutumin da ya bar garinsu shi ake kira da sunan garin, daidai da yadda ya faru a nan. Bambancin kawai shi ne abin da ya ɗauki Ingilishi ƙarni uku, a ƙasar Hausa bai cika ƙarni ɗaya ba.

A ganin mai wannan bincike, babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar sunan gari a matsayin shaidar jini. Gaskiya ne Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, ɗan'uwa ne ga Mai Shari'a Abdulƙadir Jega da ya rasu a Mina a 2015. Amma ba sunan ne ya nuna haka ba, sanin gidansu ne. Haka nan ba duk mai amsa Aliero ne dangin Muhammadu Adamu Aliero, gwamnan Jihar Kebbi daga 1999 zuwa 2007, ba. Mai binciken tarihin zuriya da ya dogara ga rajista kaɗai zai haɗa Bagimbane da jikan fatake a gida ɗaya.

Wani abin lura kuma shi ne yaran da aka haifa a Kaduna ko Abuja, waɗanda ke amsa Maiyama ko Jega saboda haka aka rubuta a takardun mahaifinsu, alhali wasunsu ba su taɓa yin wata guda a garin ba. A wurin irin waɗannan sunan ya daina nuna mahaifa, ya koma gado daga uba. Sashe na gaba zai duba yadda wannan ya shafi sunayen mata bayan aure.