Ganuwa, Hasumiya da Kusheyi: Shaidun Tarihin Katsina da Makomarsu

Duk wanda ya taso daga Batagarawa ya nufi birnin Katsina ta hanyar Dutsin-Ma, zai shiga ne ta Ƙofar Ƙwaya. A da, wannan ƙofa ita ce iyaka tsakanin birni da karkara. A yau gidaje sun haɗe ciki da waje, har ya zamana da wuya baƙo ya gane inda ganuwa ta bi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa gine-ginen ƙasa da ke wannan yanki hujjoji ne na tarihi, kuma rushewarsu asarar ilimi ce.

Mafi daɗewa daga cikinsu su ne kusheyin Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, gabas da birni. Tuddai ne da aka tara a kan kaburburan manya. H. R. Palmer ya fara tona su a 1907, aka sake tonawa a 1992. An samu kwanonin tagulla da wuri da awarwaron hauren giwa, kuma binciken da aka yi a Mainz ta ƙasar Jamus ya kai shekarun wasu kaburburan zuwa wajen ƙarni na 14. Ma'anar wannan ita ce, tun kafin birnin Katsina ya bunƙasa akwai sarauta mai arziki a yankin, wadda fataucinta ya kai nesa. Jerin sunayen sarakuna kaɗai ba zai iya tabbatar da haka ba.

Hasumiyar Gobarau kuwa, mai tsawon kimanin mita 15, ita ce abin da ya rage na tsohon masallacin birni. Ruwayoyi suna danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, wato ƙarnin da Shaihu al-Maghili ya ziyarci ƙasar Hausa. Tana nuna lokacin da Musulunci ya samu gindin zama a fada, abin da ya share fage ga malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17.

Ita ganuwa, ana jingina ƙarfafa ta ga Sarki Ali Murabus. Da Heinrich Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14, amma ya tarar mutane sun taƙaita a wani ɓangare kaɗan na cikinta. Wannan faɗi ya nuna girman birnin a zamanin da yake tashar fatake masu ƙetare Sahara, ragowar filin kuma ya nuna yadda kasuwanci ya karkata zuwa Kano bayan yaƙe-yaƙen jihadi, waɗanda suka kawo Ummarun Dallaje kan mulki a 1807.

Sai dai ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. A da, sarki ne ke tara jama'a su gyara ganuwa bayan damina. Da Turawa suka shigo a 1903, amfaninta na tsaro ya ƙare, gyara ya tsaya. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, birni ya miƙe kudu zuwa Batagarawa, inda manyan makarantu suke, ciki har da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu neman filin gini sun cinye mafi yawan ganuwar.

Saboda haka, ya wajaba malaman waɗannan makarantu da ɗalibansu su auna abin da ya rage, su zana taswirarsa, su kuma rubuta bayanan dattawan unguwannin ƙofofi tun suna raye. In ba haka ba, manazarcin gobe zai dogara ne da abin da baƙi suka rubuta kawai, ba tare da wata shaida a ƙasa da zai gwada maganarsu da ita ba.