Daga Audugar Rimi Zuwa Soso: Tarihin Gyaran Katifa da Kujera a Ƙasarmu

Kafin samun 'yancin kai a 1960, kujera ba kayan kowa ba ce a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Talaka na da tabarma, malami na da buzu, mata na da 'yar tsugunno wadda masassaƙi ya sassaƙa, tumtum na fata kuwa sai zauren masu sarauta da attajirai. Wanda ya samu katifa da matashi, gyaransu aikin cikin gida ne, ba a kai wa kowa.

Da rani akan farke katifar, a zazzage abin da ke ciki a shanya, a shiɓe wanda ya dunƙule, a ƙara sabo, a ɗinke da basilla. Wasu sun fi son audugar rimi don ba ta da nauyi kuma ba ta shan ruwa, sai dai takan zama gari idan ta tsufa, ga saurin kama wuta. Audugar gona kuwa ba mu taɓa rasa ta ba. A Daudawa, cikin ƙasar Faskari, Turawa suka kafa gonar irin auduga a shekarun 1920, ga kuma injin gurza da tashar jirgin ƙasa a Funtuwa.

Soso ne ya sauya al'amarin. An kafa kamfanin Vitafoam a Legas a 1962, amma soso bai cika gidajenmu ba sai da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975. Mu malaman makaranta muna sahun gaba wajen sayen kujerun kushin, ba don mun fi kowa buƙata ba, sai don a san an biya mu. A ganina kujerun wancan zamani sun fi na yau mutunci. Katakonsu a fili yake, sau da yawa maɗaci ne, matasan kuma ɗagawa ake yi, an ɗora su a kan robar taya da aka kafe da ƙusa. Idan roba ta saki, maigida ya sake ta da guduma. Idan riga ta yage, a kai yadi wa tela. Da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, wannan sauƙin gyara ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

Kujerun da suka biyo baya an lulluɓe su kaf, mai saye ba ya ganin irin katakon da aka ɓoye masa sai gara ta gama da shi. Duk da haka, 'yan'uwanmu na Kaduna da Abuja sukan aiko da irinsu gida, a fitar da tsofaffin a bar wa ruwa da rana. Rashin tsaron da ya tashi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin nan uku ya ƙara asarar, domin mai gudun tsira da rai ba ya ɗaukar kujera. Wanda gidansu ke da sauran irin waɗannan, ya dubi katakon tukuna. In ƙafafu da mahaɗai suna nan da ƙarfinsu, roba da soso da yadi kaɗai ake nema.