Ƙaron Nguru da Gashuwa a Tarihin Sinadarai Masu Sauyawa da Yanayi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayen matsayin ƙaro a tarihin wani fanni na kimiyyar haɗa sinadarai, wato nazarin abubuwan da ƙwayoyinsu ke jere kamar sarƙa, waɗanda kan kumbura ko su tsuke idan zafi ko tsami ya canza.

2.0 Ƙaro a Gida da Waje

Ƙaro shi ne danƙon da ke tsattsafowa daga itacen dakwara da na dushe. Tun da daɗewa almajirai ke zuba shi cikin tawada domin ta kama allo. Isar hanyar jirgin ƙasa Nguru daga Kano a 1930 ta sauƙaƙa fitar da shi zuwa Turai tare da gyaɗa da fatu. Daga bisani Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya ta buɗe reshen nazarinsa a Gashuwa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, William Bayliss na Ingila ya narka ƙaro cikin ruwan gishiri, aka riƙa ɗura wa sojojin da suka zubar da jini, kodayake daga baya an daina. A 1929, Bungenberg de Jong da Kruyt na Holan suka bayyana abin da ke faruwa idan aka gauraya ƙaro da jalatin, wato danƙon fata da ƙashi. Da zarar an ƙara tsami, jalatin kan ɗauki cajin lantarki kishiyar na ƙaro, sai su manne su ware daga ruwa. Idan tsamin ya ragu, sai su sake narkewa. Da wannan hikima kamfanin NCR na Amurka ya ƙunshe ɗigon tawada cikin ƙananan kwansuna a shekarun 1950. A yau masana na amfani da ita wajen ƙunshe magani, domin ya fita a hankali cikin jiki.

3.0 Kammalawa

Buhunan da aka loda a tashar Nguru sun tafi a ɗanye, ilimin sarrafa su kuwa aka rubuta shi da harsunan wasu. Hausa tana da ƙaro da danƙo da tsami da kumburi da daskarewa. Aikin da ya rage wa manazarta shi ne daidaita ma'anonin waɗannan kalmomi, yadda ɗan mai tsintar ƙaro zai karanci kimiyyar abin da mahaifinsa ke sayarwa.