Tarihin Digirin Kwamfuta: Daga Ɗakin Inji Zuwa Ajin Jami'a

Na san wasu za su yi mamakin ganin malamin Hausa ya tashi zai yi magana a kan ilmin kwamfuta. Dalilina zai fito kafin in zauna. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi diddigin yadda aka yi wannan fanni ya zama abin da ake yi wa digiri a jami'a, domin waiwaye adon tafiya ne, kuma ɗalibin da ya san asalin karatunsa ya fi sanin abin da zai riƙe a cikinsa.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne ilmin ya girmi injin nesa ba kusa ba. Tun cikin ƙarni na 9, a Bagadaza, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta littafi a kan lissafi da alƙaluman Indiya, inda ya jera matakan da mutum zai bi ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga amsa. Daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar algoridim, watau tsararrun matakan warware matsala. A 1843, Ada Lovelace ta Ingila ta tsara irin waɗannan matakai saboda wani inji da Charles Babbage ya zana, wanda har ya mutu ba a gama ƙera shi ba. A 1936 kuma, Alan Turing ya nuna da hujjar lissafi cewa akwai matsalolin da babu injin da zai iya warware su, kome girmansa. Duk wannan ya faru ba a riga an ƙera kwamfuta mai aiki da lantarki ba.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya gaggauta zuwan injin. A 1946 aka bayyana wa jama'a ENIAC a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, wadda aka ƙera saboda lissafin harbin manyan bindigogi. Nauyinta ya kai wajen tan 30, tana ɗauke da ƙwayayen bawul kusan 18,000 irin na tsohuwar rediyo. Mata shida ne suka fara tsara mata aiki, ta hanyar jona wayoyi da murɗa makunnai, kuma babu wadda ta yi digirin kwamfuta a cikinsu, don babu shi a duniya. Masu ilmin lissafi ne, aiki ya koya musu sauran.

A cikin wannan shekara ta 1946 jami'ar ta shirya laccoci a kan ƙirar irin wannan inji. Cikin waɗanda suka halarta har da Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij ta Ingila. Da ya koma gida sai ya ƙera EDSAC, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 1949. Nan da nan aka gane cewa ƙera injin wani abu ne, ba shi umarnin da babu kuskure a ciki kuma wani abu ne dabam, mai wuyar gaske. Saboda haka a 1953 Kambirij ta buɗe kwas na shekara guda, na difiloma, ga waɗanda suka riga suka yi digiri a wani fanni. Wannan shi ne kwas na farko na cikakkiyar shekara da aka yi a kan kwamfuta.

To, daga difiloma zuwa digiri sai da aka sha gardama. Malaman lissafi suna ganin abin reshe ne kawai na lissafi. Injiniyoyin lantarki suna cewa nasu ne, tun da su suka haɗa wayoyin. Wasu kuma suka ce ai sana'a ce, kamar gyaran agogo, wurinta makarantar koyon sana'a, jami'a ba ta yi wa kayan aiki digiri. Duk da haka a 1962 Jami'ar Purdue ta kafa sashen kimiyyar kwamfuta na farko a Amurka, amma da digiri na biyu da na uku ta fara. A Ingila, Jami'ar Mancesta ta kafa nata sashen a 1964 a ƙarƙashin Tom Kilburn, ta ɗauki ɗaliban digirin farko a 1965. Gardamar ba ta kwanta ba, har a 1967 manyan masana uku, Allen Newell da Alan Perlis da Herbert Simon, suka rubuta wasiƙa a wata mujallar kimiyya suna kare fannin daga masu cewa ba kimiyya ba ne.

Abin da ya raba gardama shi ne tsarin karatu. A 1968 ƙungiyar masana kwamfuta ta Amurka, ACM, ta fitar da shawarar abin da ya kamata ɗalibin digirin farko ya karanta. Ta kasa shi gida uku: yadda ake tsara bayanai da sarrafa su, yadda aka gina injin da abin da ke tafiyar da shi, da kuma hanyoyin amfani da shi wajen warware matsaloli. Aka kuma ɗora lissafi mai yawa a ƙarƙashin duka. Hikimar wannan tsari ita ce bai ɗaure kansa ga injin wani kamfani ba. Da an yi haka, da digirin ya mutu tare da injin. Ku duba harsunan da aka yi ta ba kwamfuta umarni da su: FORTRAN ya fito a 1957, BASIC a 1964, Pascal a 1970, kowanne ya yi zamaninsa a cikin aji, yanzu ɗalibai da yawa da Python ko Java suke farawa. Amma hanyar jera sunaye dubu bisa tsarin abacada cikin sauri, wadda aka koyar a 1968, ita ake koyarwa har gobe.

Da aikin kwamfuta ya yaɗu daga ɗakin bincike zuwa banki da asibiti da ofis, sai digiri guda ya kasa ɗaukar kome. Ya zuwa 2005 ƙungiyoyin masanan sun lissafta rassa biyar: injiniyancin kwamfuta, da kimiyyar kwamfuta, da injiniyancin furogiram, da tsarin bayanai na ma'aikatu, da fasahar sadarwa da bayanai. Mai kimiyya yana tambayar ko akwai hanyar da ta fi wannan sauri. Mai fasahar sadarwa kuwa aikinsa ya zaɓi kayan da suka dace da ma'aikata, ya haɗa su, ya tsare su, ya tabbatar albashi ya fita ranar da aka sa. Daga baya an ƙara da tsaron intanet.

A nan Nijeriya ma hanyar da aka bi ke nan: inji ya fara zuwa, digiri ya biyo baya. A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan, wadda daga baya ta zama cibiyar kwamfuta ta jami'ar. A cikin shekarun 1970 jami'o'in Ibadan da Legas da Ife suka soma koyar da fannin. A wurare da yawa a cikin sashen lissafi ya tashi, kuma ba banza ba ne cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Ɗaliban wancan zamani a kan kati ake huda musu furogiram, su miƙa ta taga, su dawo daga baya su karɓi sakamako. Waƙafi guda in ya ɓace, aikin yini ya tafi. Wannan wahala ta koya musu yin tunani kafin rubutu. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da sabon tsarin karatu, inda ta ware ilmin kwamfuta ya zama fanni mai zaman kansa, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da ita.

A nan ne malamin Hausa ya shigo. Lokacin da aka tsara lambobin haruffa na ASCII a 1963, gurbi 128 aka tanada, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a ciki, don waɗanda suka zauna a kan teburin ba su da bukatarsu. Sai a farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba su gurbi. Amma har lokacin da nake rubuta kundin digirina na uku a ƙasar waje, sai da wata na'urar buga takardu ta mayar mini da duk baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa. Har yau akwai ma'aikatun da kwamfutarsu ke ƙin karɓar suna mai lanƙwasa, mai sunan ya yi ta zirga-zirga saboda takardarsa ɗaya ta saɓa wa ɗayar. Wanda ya koyi danna maɓalli kawai ba zai iya gyara wannan ba. Sai wanda ya san yadda ake ajiye harafi a cikin inji, ya kuma san harshen. In jami'o'inmu suna neman abin da za su zuba a cikin wancan kashi 30, ga guda.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya shiga wannan digiri ya ga an tare shi da lissafi da ilmin mantiƙi a shekarar farko, kada ya ce an ɓata masa lokaci. Wannan shi ne abin da aka yi shekaru ana gardama kafin jami'a ta yarda da fannin, kuma shi zai rage masa bayan injin da ya koya a kai ya zama tsohon yayi. Ya koyi harshen furogiram na zamaninsa da kyau, ya yi horon sanin makamar aiki da gaske, amma ya sani zamani riga ne.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, in aka turo muku mai wannan digiri, kada ku ajiye shi a kusurwa yana buga wasiƙu. Ku zauna da shi tun ranar da ake shawarar sayen na'ura ko tsara rajistar ma'aikata, ku tambaye shi yadda za a ajiye bayanan, da wanda zai iya ganinsu, da abin da zai faru ranar da wuta ta ɗauke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shugaba, a nan zan dakata.