Gayya da Damin Zakka a Ƙasar Ungogo

A shekarar 1965, Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson sun fitar da rahoton bincike kan gundumar Ungogo, ƙasar da Bacirawa ke cikinta. Abin da ya ja hankalinsu shi ne yadda jama'a mai yawa ke ci daga ƙananan gonaki, waɗanda ake nomawa duk shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Jakuna na shiga birnin Kano da itace, su komo da mangalar taki. Taki ya riƙe ƙasar. Su kuwa mutanen, wata al'ada ce ta riƙe su: kowa ya san akwai haƙƙin wani a cikin ƙarfinsa da cikin rumbunsa.

Rabon ƙarfi shi ne gayya. Idan ciyawa ta fi ƙarfin magidanci a lokacin noman fari ko maimai, sai ya kira gayya. Samari su fito da fartanyoyi, makaɗi na zuga su, matan gida su dama fura su tuƙa tuwo. Ba a biyan kuɗin ƙwadago. Haka ake ɗora jinka, a gyara masallaci, a share maƙabarta. Wanda ya je gayyar wani yana sane da cewa gobe shi ma zai nema, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rabon rumbu kuma shi ne zakka. Fiƙihun Malikiyya, wanda Daular Usmaniyya ta yi mulki da shi, ya ɗora kashi ɗaya cikin goma a kan hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, da rabin haka a kan wanda aka wahala wajen shayarwa. Manomi kan ƙirga damman dawa tara nasa, na goma ya ware. Ban da wannan akwai ciyayya tsakanin maƙwabta, da ƙwaryar almajiri da ba ta fita gida wayam.

Bambancin da ke tsakanin biyun yana da muhimmanci. Gayya bashi ce da ake sa ran a biya. Damin zakka yana tafiya wurin wanda ba zai iya rama maka ba: tsoho, maraya, makaho, baƙo. Abin da ke sa mutum ya fitar da shi, bayan shi ne ya sha ranar noma, shi ne yardarsa cewa ba shi ya sauko da ruwan ba.

Tarihi ya gwada wannan tsari. Turawa sun ci Kano a 1903, kuma cikin 'yan shekaru suka haɗe zakkar hatsi da sauran kuɗaɗen ƙasa suka mai da su haraji, wanda ake biya da tsabar kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 kasuwar gyaɗa ta buɗe, manoma suka ƙara mata fili. Sai damina ta gaza a 1913. Yunwar da ta biyo baya a 1914, zamanin Sarkin Kano Abbas, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a arewacin ƙasar Kano. Michael Watts, a littafinsa Silent Violence na 1983, ya nuna cewa fari ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sabon abu shi ne ya tarar an raunana rumbunan da a da ake buɗe wa talaka, ga kuma mai karɓar haraji bai daina zuwa ba.

Yau birni ya cim ma Bacirawa, gidajen bulo sun hau gonaki da dama. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, amma yawancin matasan unguwa ba su da damin da za su ware. Abin da suke da shi lokaci ne da ilimi. A sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta ma akwai gayya: tun 1991 dubban mutane ke gina Linux, da yawansu ba don albashi ba, kuma 'yan sa-kai ne ke rubuta Wikipedia ta Hausa.

Mai neman abin da zai zaburar da shi ga aikin sa-kai yana iya ɗaukar lissafin manomin Ungogo. Bai jira ya yi arziki ba, bai kuma jira zuciyarsa ta motsa ba. Ya sa wa bayarwa ma'auni da lokaci: ɗaya cikin goma, ranar da aka girbe. Wanda ya ware sa'a ɗaya cikin goma na hutunsa ya koya wa yaran layinsu karatu, ko ya fita yashe magudanar ruwa kafin damina, ya fitar da nasa damin.